Ko Kun Sani? Injin da Ake Toshe wa Hanyar Ruwa

Akwai injin mota da ba shi da fistan ko ɗaya. Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, aka fara tayar da shi a kamfanin NSU a 1957. Wani ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyawa a cikinsa, shi ya sa zafinsa ba ya bazuwa daidai. Gefen fulogi kullum cikin wuta yake, gefen shigar iska kuwa da sauƙi.

A injin 13B na motar Mazda RX-7, wanda irin wannan injin ne, akwai ƙananan ramukan da ke kai ruwan zafi zuwa bututun shigar iska don ɗumama shi lokacin sanyi. Idan makaniki zai canza bututun, sai ya toshe ramukan, in ba haka ba ruwa ya tsiyaye. Manyan hanyoyin ruwan kuwa ba a wasa da su. Tafasa ɗaya tana iya lanƙwasa jikin injin na alminiyam, robobin da ke tare ruwa su saki, sai an sauke inji.