Karatun 'Yan Firamare a Illela: Wace Magana Ce Gaskiya, Wace Ce Ji-ta-ji-ta?

Maganganu iri-iri na yawo a Illela kan abin da ake koya wa yara daga aji ɗaya zuwa aji uku. Ana jin su a majalisa bayan la'asar, a gidan suna, har a bakin 'yan kabu-kabu masu jigila zuwa Kwanni. Wasu gaskiya ne mai ɗaci. Wasu kuwa ba su da tushe balle makama, kuma su ne ke sa uba ya cire ɗansa daga makaranta ya ce ya je ya tura baro a kasuwa.

Mu fara da mai ɗacin. Ana cewa yaro kan kai aji uku bai iya karanta kalma ko ɗaya ba. Wannan gaskiya ne. Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a Sakkwato da Bauchi a 2011 da 2013 sun nuna haka game da mafi yawan yaran da aka gwada, kuma a 2015 gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar Sakkwato. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: aji cike maƙil, littafi bai isa ba, malami ya faɗa yara su yi ta amshi. Yaro ya haddace shafi tsaf, amma a ɗora yatsa kan kalma ɗaya a tsakiya, sai ya yi zuru.

Daga nan ne ji-ta-ji-tar ta samu ƙofa. Wai koyar da karatu da Hausa ne ya jawo haka, wai ana hana 'ya'yan talakawa Turanci. Wannan ba haka ba ne. Matsalar ta riga shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a makarantun Sakkwato da Bauchi da tallafin Amurka bayan 2015, domin magance ta aka kawo shi. Tsarinsa shi ne yaro ya san sautin kowane harafi, ya haɗa ba da ba ya karanta baba, sannan a shigar masa da Turanci. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan hanya: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, kafin a kai ga zuƙu. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa, kuma ya fi sauƙi da harshen da yaro ya tashi da shi. Idan ya zauna, zai bi shi zuwa Turanci. Farfesa Babs Fafunwa ya jarraba haka da Yarabanci a Ife tun daga 1970, yaran ba su gaza a Turanci ba. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973.

Akwai dai abin da masu wannan magana ke kafa hujja da shi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi koyarwa da harshen uwa har aji shida, sai a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa. An yi hakan. Amma hukuncin Abuja kan harshen koyarwa bai sauya yadda ƙwaƙwalwar ɗan shekara shida ke kama karatu ba, kuma ba wanda ya hana yaro karanta littafin Hausa a ɗakin uwarsa. A ganina, Bahaushen yaro da ke karanta Hausa ba gargada ya fi kusa da Turanci a kan wanda ke rera Turancin da bai san ma'anarsa ba.

Wadda ta fi damuna ita ce maganar da iyaye ke yi wa kansu: “Ni ban yi boko ba, mi zan koya mai?” Kuskure ne babba. Uwar da ba ta san harafi ba za ta iya cewa, “Zo ka karanta mini in ji,” kuma kunnenta zai gane inda ya yi tuntuɓe, tunda Hausa ce. Tatsuniyar da kaka ke yi da dare tana ƙara wa yaro kalmomi, idan aka tambaye shi me Gizo ya yi daga nan, ana koya masa bin labari ne.

Lissafi kuwa, Illela ba ta da uzuri. Dubi yarinya mai tallan ƙosai: an ba ta ɗari biyar, an sayi na ɗari uku da hamsin, kafin ka ƙifta ido ta miƙa canji. Yaron da ya saba da sefa ya san dala ashirin ita ce tamma ɗari, wato yana ninka biyar da ka ba tare da an ce masa sunan abin ba. Saboda haka idan ka ga malami ya sa yara tara tsakuwa ko murafun kwalba suna kasa su goma-goma, kada ka yarda da masu cewa wasa ake yi da 'ya'yanku. Ta haka yaro ke gane cewa 2 ɗin da ke cikin 25 goma sau biyu ce. Abin da ya rage shi ne a haɗa masa lissafin kasuwa da na takarda: ya ƙirga buhunan albasa, ya rubuta adadin.

Batun kyauta kuma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Kayan makaranta da sabulu suna wuyan uba, amma duk kuɗin da aka nema bayan wannan, kana da damar tambayar kwamitin kula da makarantar ko na mene ne.

Malam, yau bayan magariba kira ɗanka na aji biyu, ka buɗe littafinsa a shafin da ba a koya musu ba, ka ce ya karanta layi ɗaya. In ya kasa, kada ka doke shi. Gobe da safe ka raka shi wurin malaminsa ku yi magana.