Hasashen dawowar sankarar ƙoda bayan tiyata

Hasashen dawowar sankarar ƙoda hanya ce da likitoci ke bi don ƙiyasta yiwuwar ciwon ya sake bayyana a jikin majinyacin da aka cire masa ƙarin da ke ƙodarsa, ko aka cire ƙodar gaba ɗaya. Ana yin wannan ƙiyasi ne ga waɗanda aka gano ciwonsu da wuri, wato kafin ya bazu zuwa wasu sassan jiki. Duk da tiyatar, ciwon kan dawo ga kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na irin waɗannan majinyata, galibi a huhu, sai ƙashi da hanta da ƙwaƙwalwa.

Abubuwan da ake dubawa

Bayan tiyata ana kai abin da aka cire ɗakin gwaje-gwaje, inda likitan binciken tsoka zai auna shi ya kuma duba ƙwayoyinsa. Ƙarin da bai wuce santimita 7 ba kuma yana cikin ƙoda ana sa shi a mataki na T1, wanda ya wuce haka amma bai fita daga ƙodar ba kuma T2. Ana duba ko ciwon ya kama kaluluwar da ke kusa, da ko akwai matacciyar tsoka a cikin ƙarin, sannan a ba ƙwayoyinsa daraja daga 1 zuwa 4 gwargwadon yadda suka sauya kama.

Ma'aunin Leibovich

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne na Leibovich, wanda aka wallafa a 2003 daga asibitin Mayo Clinic da ke Amurka, domin nau'in sankarar ƙoda da ya fi yawa a manya. Yana ba kowane abu maki, jimillar kuma daga 0 zuwa 11 ce. Maki 0 zuwa 2 ƙaramin haɗari ne, 3 zuwa 5 matsakaici, 6 zuwa sama babba. A binciken farko, kusan kashi 97 na rukunin farko sun kai shekara biyar ciwon bai bazu ba, kashi 74 a na biyu, sai kashi 31 kacal a na uku.

Alal misali, ƙari mai santimita 5 da ke daraja ta 2 yana da maki 2. Idan girman ɗaya ne amma darajarsa ta 3 ce kuma akwai matacciyar tsoka, makin ya zama 4, majinyacin ya koma rukuni na biyu. Ke nan girman ƙari shi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci.

Akwai wasu ma'aunan, kamar UISS na 2001 da SSIGN na 2002. Dukkansu an gina su ne a kan majinyatan Amurka, kuma abin da suke nunawa shi ne makomar rukuni, ba tabbacin abin da zai sami mutum ɗaya ba.

Amfaninsa

Makin ne ke nuna sau nawa majinyaci zai riƙa komawa ɗaukar hoton CT na ƙirji da ciki. Yawancin dawowar ciwon na faruwa cikin shekarun farko, ko da yake yakan bayyana bayan shekara goma. Tun 2021, bayan gwajin KEYNOTE-564, Amurka ta amince a ba masu babban haɗari maganin pembrolizumab na kusan shekara guda bayan tiyata, sai dai yana da tsada ƙwarai.

A arewacin Najeriya

Majinyaci daga Safana ko Batsari sai an tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da yawa ba sa zuwa sai sun ga jini a fitsari ko kumburi a kwiɓi, lokacin ƙarin ya riga ya girma. Ga wanda aka yi wa tiyata da wuri, nisan tafiya da kuɗin hoto da matsalar tsaro a yankin dajin Rugu na iya hana shi komawa asibiti a kan kari. Ba a iya lissafa makin sai da takardar sakamakon gwajin tsoka, don haka ake son majinyaci ya karɓe ta ya adana.