Yadda ake fansar gidan da aka jinginar, a zauna babu bashi

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne. Amma basussuka ba ɗaya suke ba. Bashin tiya biyu ta hatsi wurin maƙwabci daban, bashin da aka ɗora wa gida daban. Idan na farko ya gagara biya, kunya ce ake sha. Idan na biyu ya gagara, iyali ne gaba ɗaya za su rasa wurin kwana. Saboda haka yau za mu duba yadda bashin gida yake tafiya, da hanyar da maigida zai bi ya gama shi da wuri.

Mene ne jinginar gida?

Jingina ita ce mutum ya karɓi kuɗi, ya ba da dukiyarsa a matsayin tabbaci. Iri biyu muka fi sani a ƙasarmu.

Na farko shi ne na banki. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa yana son gina gida ko sayensa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Banki ya ba shi kuɗi, ya riƙe takardar filin. Mutumin yana zaune cikin gidan, yana biya wata-wata. In ya daina biya, banki yana iya bi ta hanyar shari'a a yi gwanjon gidan. A shekarar 2018 an buɗe wani banki a Nijar musamman domin bashin gidaje, wanda ake kira BHN, kuma sauran bankuna su ma suna ba da irin wannan bashi.

Na biyu shi ne na gargajiya, tsakanin mutum da mutum. An fi yin sa da gona. Mai kuɗi ya karɓi gonar yana nomawa, har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Za mu komo kansa a gaba.

Uwar kuɗi da kuɗin ruwa

Bashin banki yana da kashi biyu. Akwai uwar kuɗi, wato abin da aka miƙa maka. Akwai kuma kuɗin ruwa, wato ladar da banki ke ɗauka. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne wannan: kowane wata, ana lissafin kuɗin ruwa a kan abin da ya rage na uwar kuɗi. In uwa tana da yawa, ruwa yana da yawa. In uwa ta ragu, ruwa ya ragu.

Ga misali, domin a gane. A ce mutum ya karɓi sefa 3.000.000, da ruwa 10 bisa 100 a shekara, zai biya cikin shekara 10. Kowane wata zai ba da sefa 39.645, wato kusan jika 40. A watan farko, jika 25 daga ciki duk ruwa ne. Abin da ya taɓa uwar kuɗi bai kai jika 15 ba. Bayan shekara 5, rabin lokaci ya wuce, amma rabin bashi bai tafi ba: sauran wajen sefa 1.866.000. Ranar da ya gama, ya zuba wajen sefa 4.757.000. Kun ga ruwa kaɗai ya ci sefa 1.757.000.

To, a ce mutumin ya zaɓi shekara 20, domin biyan wata ya yi sauƙi. Zai riƙa ba da kusan jika 29 a wata. Da gani ya fi daɗi. Amma a ƙarshe zai zuba wajen sefa 6.948.000. Ruwan da ya biya ya fi uwar kuɗin da ya karɓa. Tsawon lokaci yana rage nauyin wata, yana ƙara nauyin jimilla.

Amfanin ƙarin jika 10

Mu koma kan bashin shekara 10. A ce maigida ya daure, kowane wata yana ƙara jika 10 bisa abin da aka yanka masa, kuma banki ya zuba ƙarin a kan uwar kuɗi. Maimakon shekara 10, bashin zai ƙare cikin shekara 7 da 'yan kwanaki. Ruwan da zai biya zai sauko zuwa wajen sefa 1.190.000. Ya tsirar da fiye da jika 560, kuma ya samu kusan shekara 3 na hutu.

Dalili a fili yake. Duk dalar da ta fita daga uwar kuɗi yau, ba za ta sake haifar ruwa ba har ƙarshen bashin. Shi ya sa ƙarin da aka yi a shekarun farko ya fi na shekarun ƙarshe amfani nesa. Wanda ba shi da albashi, yana iya yin ƙarin sau ɗaya a shekara, lokacin da ya sayar da albasa, niebe, wato wake, ko ragon kiwo. Sakamakon yana kusa da wancan.

Tambayoyi kafin sa hannu

Tun ran gini, ran zane. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka nemi amsar waɗannan:

1. Ina jadawalin biya? Takarda ce mai layi-layi, an rubuta « tableau d'amortissement » a samanta. Tana nuna kowane wata nawa ne ruwa, nawa ne uwa, nawa ya rage. Hakkinka ne a ba ka ita.

2. Nawa ne tsadar bashin gaba ɗaya? Ban da ruwa, akwai kuɗin buɗe dosiye, da na notar, da na asirans. Akwai adadin da ke haɗa ruwa da irin waɗannan kuɗaɗe, ana rubuta shi da haruffa uku: TEG. Da shi ake gwada banki da banki. A farkon shekarar 2014, ƙasashe 8 masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma sun sa masa iyaka: 15 bisa 100 a shekara ga bankuna, 24 bisa 100 ga ƙananan asusun bashi.

3. In na biya kafin lokaci, akwai tara? Wasu yarjejeniyoyi suna da ita. Ka san yawanta tun farko, ka kwatanta da ruwan da za ka tsirar.

4. In na rasu ko na nakasa, wa zai biya? Wannan shi ne aikin asirans. Ka gaya wa matarka da babban ɗanka cewa akwai shi, ka nuna masu inda takardar take. In ba su sani ba, suna iya ci gaba da biyan abin da ba nasu ba ne.

Wanda karatunsa bai yi ƙarfi a Faransanci ba, ya tafi da amintacce ya karanta masa layi-layi. Babu kunya a cikin wannan.

Wane bashi za a fara kashewa?

Sau da yawa bashin gida ba shi kaɗai ba ne. Akwai na ɗan kasuwa, akwai na mai kanti, akwai na asusu. Ka zauna da alƙalami ka rubuta su duka, kowanne da ruwansa. Wanda ya fi tsada shi za ka fara kashewa, kana ci gaba da biyan na gida a kan kari. Manomin da ya ci buhu ɗaya da bazara zai mayar da biyu da kaka, ya biya ruwa 100 bisa 100 cikin 'yan watanni. Babu bashin banki da ya kai wannan ciwo.

Kada kuma ka zuba duk abin da ke hannunka cikin bashi, gida ya zauna wayam. Ka fara da ajiyar ɓacin rana, ko da ta biyan wata 3 ce, tare da cimakar iyali a rumbu. Dattawa suna tune da shekarun 1990, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka yi watanni babu albashi, ga kuma karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994. Rashin lafiya ma ba ta sallama kafin ta shigo. Gidan da ba shi da ajiya, zazzaɓin yaro ɗaya yana iya kai shi ga sabon bashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Jinginar gona

A ƙauye, gona ita ce ke riƙe gida. Illar jinginar gargajiya ita ce, mai kuɗi yana cin amfanin gonar kowace damina, amma bashin bai ragu ko da dala ba. Mai gona kuwa ya rasa abin da zai noma ya biya. Shekaru su yi ta tafiya, shaidu su mutu, magada su tashi, wannan ya ce jingina ce, wancan ya ce saye ne.

Maganin wannan rigima takarda ce. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira kofo. Akwai su a matakin gunduma da na kwamin, har da ƙauyuka, inda maigari ke shugabanta. Suna ba da takardar shaidar jingina. A rubuta iyakar gona, da yawan kuɗi, da sunayen shaidu. Kowa ya riƙe tasa. Ranar fansa kuma a koma gabansu a rubuta cewa an biya.

Akwai wata dabara da ke hana manomi kaiwa ga jinginar gona. Da kaka hatsi yana araha, da bazara yana tsada. Maimakon a sayar da shi da araha don biyan bashi, ƙungiyar manoma tana tara buhunna a magaza ɗaya mai kwaɗo biyu. Mabuɗi ɗaya yana hannun ƙungiya, ɗaya yana hannun asusun da ya ba da bashi. Manomi ya karɓi wani kashi na darajar buhunnansa, ya yi kiwo ko noman rani. Bayan wata 5 ko 6 ya biya, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Ana kiran wannan tsari warantaji. Wani shiri na hukumar FAO ne ya yaɗa shi a Nijar daga shekarar 1999. A nan buhu ne jingina, gona da gida suna hannun mai su. Sai dai a sani, akwai shekarar da farashi ba ya tashi sosai, ribar ta zama kaɗan.

In biya ya gagara

Kada ka ɓuya. Tun watan farko da ka ga ba za ka iya ba, ka je wurin mai bashi da ƙafarka. Ka nemi a sake tsara biyan, kuma duk abin da aka shirya a rubuta shi. Jinkiri yana jawo tara, tara tana hawa kan ruwa. Kada ka ci bashi mai tsada domin ka biya mai sauƙi. Gara a sayar da babur ko saniya, ko a ba da ɗaki ɗaya haya, da a jira ranar gwanjo, domin a gwanjo gida ba kasafai yake yin kuɗinsa ba. Kuma kada ka riƙe damuwar kai kaɗai. Tunanin bashi yana hana barci da cin abinci. Ka zauna da uwargida ku yi lissafi tare, ku ga abin da za a rage na biki, suna da tufafin salla.

Ranar gamawa

Biyan ƙarshe ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ka karɓi takardar shaidar cewa babu sauran bashi a kanka. Ka nemi takardar sakin jingina, wadda ake rubutawa « mainlevée ». Da ita ake zuwa ofishin rajistar filaye a soke sunan banki daga kan takardar gidanka. In ba a soke ba, a littafin hukuma gidan yana nan a jingine, kuma kai ko magadanka za ku sha wahala ranar sayarwa ko rabon gado. Ka karɓo asalin takardar filin, ka yi mata hoto, ka ajiye ta inda gara da ruwa ba za su kai ba.

Bayan an fanshi gida

Kuɗin da ka saba biya wata-wata, kada ka bari ya narke. Ka ci gaba da cire shi, amma yanzu ka biya kanka. Mata sun riga sun nuna hanya. A shekarar 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara. Mata suna haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba ɗan abin da aka yanka cikin akwati, su ramta wa juna, in zagaye ya cika su raba. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Da irin wannan tari ake gyaran rufi kafin damina, ake sayen taki da iri, ake biyan magani ba tare da an miƙa hannu ba. Wanda bai fara gini ba tukuna, shi ma yana da zaɓi: ya sayi fili, ya buga bulo da rani, ya ɗaga ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda kuma yake cikin biya yanzu, ya ɗauko jadawalinsa a daren nan, ya duba abin da ya rage, ya yanke nawa zai iya ƙarawa daga watan gobe.