Sulhun Manya da Mikin Talakawa Bayan Zaɓen 2011

Zaɓen shugaban ƙasa da aka gudanar a Nijeriya ranar 16 ga Afrilun 2011 ya sami yabo daga masu sa ido, amma tun kafin a gama sanar da sakamako rikici ya ɓarke a jihohi 12 na Arewa, inda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku, wasu kimanin 65,000 kuma suka rasa muhallansu. Abin ya fi ƙamari a kudancin Kaduna, musamman Zonkwa da Kafanchan, a Bauchi kuma aka kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda aikin zaɓe kawai ya kai su rumfuna. Da yawa daga waɗanda suka tsira da rigar jikinsu sun daɗe a sansanin alhazai na Mando da ke Kaduna, wurin da aka gina don maniyyata su kwana biyu kafin tashin jirgi, sai ga mata suna girki a bakin ɗakuna, ana haihuwa ana suna a ciki. Kwamitin binciken rikicin ƙarƙashin Sheikh Ahmed Lemu ya miƙa rahotonsa a watan Oktoba na shekarar.

Tsoron maimaituwar wannan ta'asa shi ya haifar da Yarjejeniyar Abuja ta 14 ga Janairun 2015, wato rubutaccen alkawarin da 'yan takara suka sa wa hannu a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, cewa za su guji kalaman tunzura jama'a da sunan addini ko ƙabila, su kuma ja kunnen magoya bayansu. Daga nan aka kafa Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda Bishop Matthew Kukah da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suke cikinsa. Ranar 31 ga Maris, bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2015, tun hukumar zaɓe ba ta bayyana wanda ya yi nasara ba, shugaban ƙasa na lokacin Goodluck Jonathan ya buga wa abokin takararsa Muhammadu Buhari waya ya amince da shan kaye, kuma wannan gajeriyar waya ta kwantar da hankalin garuruwan da baƙi suka riga suka fara kwashe kayansu.

Sai dai musafahar manya tana tsayar da jini ne kawai, ba ta isa ta warkar da mikin wanda aka ƙona wa gida yana kuma haɗuwa da mai laifin a kasuwa ba, domin kaɗan ne ƙwarai aka gurfanar a kotu kan kashe-kashen 2011. Tun a 2008 kwamitin gyaran tsarin zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Uwais ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman mai bincike da gurfanar da masu laifukan zaɓe, amma har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba.