Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa daddawar da ake jefawa a miyar kuka a Farin Dutse da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, tun daga sussukar ɗorawa da bazara har zuwa tallarta, kusan duk aikin mata ce? Su ne ke raba kalwa da garinta, su dafa ta yini guda, su surfa ta da toka, su wanke, su sake dafawa da kanwa, sa'an nan su lulluɓe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa, kafin a kirɓa a shanya. Kuma bisa hukuncin fiƙihun Malikiyya, abin da mace ta samu ta wannan sana'a dukiyarta ce, miji ba shi da ikon cin wannan dukiya sai da yardarta.

Amma fa ɗorawa takan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, masu gawayi kuwa ba su da wannan haƙuri, sare ta suke yi. Saboda ƙarancin kalwa, mata da yawa sun koma waken suya, ga kuma Maggi ya cika kasuwa.