Shiri na Musamman: Abin da Zuciya ke Faɗa wa Ɗan Tsere a Kan Tsauni

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Warra, Yauri, Ngaski da Shanga, musamman samarin da ke tuƙa kwale-kwale a bikin Rigata. Shirin yau naku ne.

A 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwan Kainji, an yi wasannin Olamfik a birnin Meziko, wanda ke bisa tudu mai tsayin mita 2,240. Akwai wani ɗan sanda ɗan Kenya, Kipchoge Keino, yana fama da ciwon madaciya, har likitoci suka ce ya haƙura. Ranar tseren mita 1,500 kuma cunkoson motoci ya tsare motarsu. Sai bawan Allahn nan ya sauka, ya ƙarasa filin wasa da gudu. Da gudu fa, jama'a! Ya shiga tseren, ya bar Jim Ryun na Amurka, gwanin duniya a lokacin, da tazarar kusan mita 20. Keino ɗan tudu ne, iskar Meziko ba baƙuwarsa ba ce. Waɗanda suka zo daga ƙasa-ƙasa kuwa haki ya ci ƙarfinsu.

Tun daga nan 'yan gudun dogon zango suka dinga hawa tsauni domin atisaye. Dalili a taƙaice: a can sama iskar oksijin da ke shiga jini tana raguwa, sai ƙoda ta saki wani sinadari da ke sa jiki ƙara jajayen ƙwayoyin jini cikin mako uku zuwa huɗu. Shi ya sa garin Iten na Kenya, mai tsayin mita 2,400, ke cike da baƙi.

To amma ta yaya mai horarwa zai san yaronsa yana sabawa ne, ko ƙarewa yake yi? Nan ne abin ya burge ni: amsar tana cikin bugun zuciya.

Ɗan'uwa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka. Ja numfashi a hankali. Ka ji bugun ya ɗan yi sauri? Yanzu sake shi. Ka ji ya lafa? Zuciya mai lafiya ba ta bugawa kamar agogo. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana canzawa, wani ƙasa da daƙiƙa kaɗan, wani sama da ita kaɗan. Idan jiki ya huta, wannan bambancin yana da yawa. Idan jiki ya gaji, ko yana cikin matsi, sai bambancin ya ragu, bugun ya zama iri ɗaya. Ku riƙe wannan: yawan bambanci, hutu, ƙarancinsa, gajiya.

Ɗan tsere yana auna wannan bambancin da asuba kafin ya tashi daga shimfiɗa, da bel ɗin ƙirji da wayar hannu, cikin 'yan mintuna. A kwanakin farko a kan tudu, bambancin kan faɗi, bugun kuma ya ƙaru. Mai horarwa mai hankali zai sassauta aiki har awon ya dawo inda yake a gida, sannan ya ƙara nauyi. Kuma awonka da naka na baya ake kwatantawa, ba da na abokinka ba.

Mu a bakin Kainji ko mita 200 ba mu kai ba. Jos tana kusan mita 1,200, Mambila kusan 1,600. Yaron da ya bar Warra ya je can, jikinsa zai ji canji, ko da bai kai na Iten ba.

Lokaci na ƙure mana, sai gargaɗi biyu. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin barci da ƙishirwa duk suna sauke awon nan, don haka na'ura ba ta maye gurbin likita. Na biyu, mai jinin AS yana iya samun matsalar saifa a tudu mai tsayi sosai.

Iyaye da masu horarwa, kafin ku tura yaro tsauni, a gwada jininsa, a san awon zuciyarsa tun yana gida.