Yadda Ake Gane Asalin Tsofaffin Kayan Sassaƙa

Sau da yawa akan kawo wani tsohon abu na sassaƙa gaban hakimi. Wani manomi ne ya tono shi yana huɗa, wani magada ne suka tarar da shi a ɗakin mamaci, wani kuwa an tsare baƙo ne da shi cikin buhu a tasha. Kafin hakimi ya yanke magana sai ya san amsar tambaya uku: aikin mutanen wace ƙasa ne, tsoho ne ko sabo, kuma doka ta yarda a sayar da shi ko ta hana. In an yi kuskure, ko dai a matsa wa masassaƙi mai neman halalinsa, ko kuwa a bar abin tarihi ya fita ƙasa. A 1897 sojan Ingila suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Binin, ga shi sai a watan Disamba na 1922 da shekara ɗari, watau 2022, Jamus ta kawo kashi na farko na waɗanda ke hannunta zuwa Abuja. Abin da ya fita da wuya yake komowa.

Waɗansu daga cikin kayan nan gumaka ne na mutanen da. Adana su a gidan tarihi ba girmama bautarsu ba ne. Shaida ce ta mutanen da suka zauna a ƙasa, da irin sana'arsu, da hanyoyin da suka bi, kuma in an ƙone ta ba a mayar da ita.

Tambaya kafin kome

Matambayi ba ya ɓata. Abu na farko shi ne a nemi labarin abin daga bakin wanda ya kawo shi: inda ya same shi, wanda ya riƙe shi kafinsa, sunan da ake kiransa da harshen masu shi, da aikin da ake yi da shi. Amma a lura, wurin da aka sayi abu ba lalle shi ne wurin da aka yi shi ba. Fataken goro sun daɗe suna shigowa da kaya daga Gwanja, a zamanin nan kuma dillalan kayan gargajiya, Hausawa da yawa a cikinsu, suna yawo da sassaƙa tsakanin Kamaru da Kano da Abijan. Saboda haka in an gama jin bakin mutum, sai a duba abin da kansa, a ga ko ya gaskata shi.

Irin icen

Masassaƙi da icen dajin da ke kusa da shi yake aiki. A ƙasar Hausa ana yin turmi da ƙota da ice mai tauri kamar ƙirya, ana yin allo da aduwa. A dazuzzukan Kudu manyan ƙofofi da ginshiƙai galibi da loko ake yinsu, domin gara ba ta cika cinsa ba. Abin da ake sa wa a fuska ko a kai wajen rawa da ice marar nauyi ake yinsa, don kada ya gajiyar da mai ɗauka. In an rasa gane ice, a kira Sarkin Sassaƙa na gari, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya dubi jijiyarsa, ya sansana. Sau da yawa zai faɗi sunansa nan take.

Hannun kowace ƙasa

Kamar yadda akan gane garin mutum da tsagar fuskarsa, haka akan gane sassaƙa da salonta. Ta haka aka gano kayan Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu kusa da Nok, aka ajiye shi a Jos ba wanda ya san asalinsa. A 1943 aka sami wani kai kusa da Jama'a, har wani ya kafa shi mutum-mutumi a gonar doya. Da aka kai wa Bernard Fagg, sai ya gwada su, ya ga hannu ɗaya ne. Kayan Nok ginin yumɓu ne, amma an gyara su da wuƙa kamar ice kafin a gasa, kuma alamarsu ita ce ido mai kusurwa uku, da huda a tsakiyarsa. Da yawansu sun haura shekara 2,000.

Sassaƙar Hausa kayan amfani ce: turmi, taɓarya, akushi, koshiya, muciya, kujera, allo, icen sirdi da kalangu. Ba ta cika ɗaukar siffar mutum ko ta dabba ba. Adonta layuka ne da kusurwoyi, waɗanda ake ƙonawa da ƙarfe mai zafi. Buzayen Abzin ma haka, sai dai aikinsu ya fi siriri. Turakun bukkarsu masu faɗi ne, a huhhuje, cokulansu kuwa masu dogon wuya, da zane ƙanana ƙwarai.

Nufawa an san su da kujera da ƙofa. Kujerar Nufe daga gungume ɗaya ake fitar da ita, da ƙafafu da yawa, takwas ko goma, samanta cike da zane. Ƙofarsu katako uku ko huɗu ne da aka haɗa, a bisa kowanne an jera siffofi daban daban, kamar ƙadangare, maciji, tsuntsu, takobi, bindiga da allo, kowane yana tsaye shi kaɗai. Lapai ta yi suna wajen irin wannan aiki.

Ƙofar Yarbawa kuwa labari take bayarwa: ga mahaya, ga makaɗa, ga mata da goyo, layi bisa layi. Mutum-mutuminsu yana da babban kai, kusan sulusin tsawon jiki, da idanu manya a buɗe, da tsaga a kumatu. Wanda aka fi gani shi ne na tagwaye, da suke kira ibeji. Tsawonsa bai cika wuce ƙafa ɗaya ba, hannuwa a miƙe a gefe, kai a shafe da shuni, jiki da majigi. A cikin Yarbawa har akan gane hannun mutum ɗaya. Olowe na Ise, wanda ya rasu a 1938, yakan fito da siffofinsa waje sosai daga jikin ƙofa, da dogayen wuya. Areogun na Osi, wanda ya rasu a 1954, nasa a kwance suke, a cunkushe.

Ƙasashen kogin Binuwai kowace da nata hannu. Mutum-mutumin Mumuye, na wajen Zing da Jalingo, dogo ne siriri, da ɗan ƙaramin kai, da manyan kunnuwa, hannuwansa sun kewayo jiki kamar an naɗa ɗamara. Camba suna sassaƙa kan ɓauna mai ƙaho, da dogon baki a buɗe. Idoma sukan shafe fuska da farar ƙasa, su bi tsaga da gashi da baƙi. Mambila suna aiki da ice mai taushi, fuskar a lotse, da launi ja da fari da baƙi, a kai kuma an kakkafa 'yan tsinkayen ice maimakon gashi.

Daga ƙetaren iyaka, kujerar Tonawa, watau mutanen Asante, mazauninta a lanƙwashe yake kamar jinjirin wata, 'yar tsanarsu kuma kanta fai-fai ne, wuyanta zobe-zobe. Kujerun sarakunan tuddan Kamaru, irin na Bamum, a kewaye suke, an huda su da siffar gizo-gizo ko damisa ko kawunan mutane, waɗansu a lulluɓe da duwatsun ado.

Ƙwarya ma tana da asali. A Adamawa da ƙasashen Gongola ana zana ta da wuƙa mai zafi, ko a karce ta da tsinin ƙarfe sa'an nan a shafa baƙi ya shiga cikin zanen. Ta Oyo kuwa sassaƙa ce mai zurfi, a goge da alli ta yi fari fat.

Duk da haka, kama da wane ba ta wane. Maƙwabta sukan ari salon juna, masassaƙi yakan yi ƙaura, sarki yakan yi kyauta ga sarki. Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, sai ice da salo da labari sun taru a kan magana ɗaya.

Dutse da haure

A Esie, ta ƙasar Igbomina a Jihar Kwara, akwai mutum-mutumi kimanin 800 na wani dutse mai taushi, mai santsi kamar sabulu, galibinsu a zaune bisa kujera, da huluna da kitso iri iri. A wajen Ikom kuwa akwai manyan duwatsu masu tauri a tsaye, an sassaƙa musu fuska da gemu da cibiya. In an ga ɗayan waɗannan a hannun ɗan kasuwa, ko dai kwaikwayo ne, ko kuwa an ɗauke shi daga wurinsa ba bisa ƙa'ida ba.

Hauren giwa yana da nauyi da sanyi a hannu, in an dubi inda aka yanke shi a gicciye za a ga layuka ƙanana sun sarƙe da juna kamar raga. Ƙashi ba shi da su, sai 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe. Roba ta fi su duka sauƙin nauyi, sau da yawa kuma ana ganin layin da ya nuna zuba ta aka yi. Tun 1989 ƙasashen duniya suka ƙulla hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa.

Tsoho ko sabo

Ice ba ya daɗewa inda akwai gara da damina. Da wuya a sami wanda ya wuce shekara ɗari ko ɗari biyu sai wanda aka adana da kyau. Don haka masu ha'inci sukan tsofar da sabon aiki: su binne shi gara ta ɗan taɓa, su rataye shi a madafa ya sha hayaƙi, ko su shafe shi da man goge takalmi. Ga abin da za a duba.

Na ɗaya, sawun kayan aiki. Gizago yana barin 'yan sare-sare a jere, musamman a ciki da ƙarƙashi inda ba a gogewa. Sawun zarto na inji, da santsin samfefa, alamar aikin baya-bayan nan ce.

Na biyu, wurin da ya side. Abin da aka yi amfani da shi yakan yi sheƙi inda hannu ko jiki ke taɓawa, watau mazaunin kujera, bakin akushi, fuskar ibeji, da cikin abin rawa inda goshi ke gogawa. Abin da ya yi baƙi ko'ina bai ɗaya, abin tuhuma ne.

Na uku, wari. Hayaƙin jiya da man shafawa ba sa ɓuya ga hanci.

Na huɗu, abin da aka zana. Ƙofar da ke da mahayin keke, ko Bature da hular kwano, kamar waɗansu na Areogun, ta nuna bayan zuwan Turawa aka yi ta. Ƙusa ko fenti ba su kore tsufa ba, domin masu abu sukan gyara shi, su sabunta masa launi.

Tabbataccen shekaru sai a ɗakin bincike, inda masana ke auna ɗan ɓarɓashin ice ko na gasasshen yumɓu. Wannan ba aikin ofishin hakimi ba ne.

Abin da doka ta ce

An kafa dokar kayan tarihi ta farko a 1953. A 1979 aka maye gurbinta da wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Bisa ga wannan doka, aikin hannu na mutanen ƙasa yana zama kayan tarihi in an yi shi kafin 1918, ko kuwa in yana da muhimmanci ga tarihi kuma an taɓa amfani da shi a wata hidima ta gargajiya, ko da bai kai waɗannan shekaru ba. Ba a fita da irinsa waje sai da takardar izni ta Hukumar, ba kuma mai sayensa sai wanda ta amince da shi. Sabuwar sassaƙa da aka yi don kasuwa ba ta shiga cikin wannan hani ba, kada a takura wa masu yinta.

Aikin malamin hakimi

In an kawo abu, kada a wanke shi, kada a kankare, kada a shafa masa mai ko fenti, domin dauɗar jikinsa tana cikin shaida. A ajiye shi a inuwa, bisa wani abu da zai raba shi da ƙasa. Malami ya rubuta ranar da aka kawo shi, da sunan wanda ya kawo, da garin da aka same shi, da sunansa, da aikinsa, da tsawonsa da faɗinsa, da irin icen, da inda ya karye. A ɗauki hotonsa ta gaba da ta baya da ta ƙarƙashi, a ba mai shi rasit. In daga ƙasa aka tono shi, a dakatar da haƙa, dagaci ya sa ido a wurin, gama kwanciyar abu a cikin ƙasa tana faɗa wa masana abin da shi kansa ba zai faɗa ba.

Sa'an nan a aika da rahoto ta hannun majalisar masarauta zuwa gidan tarihi mafi kusa. Akwai na Jos da aka buɗe a 1952, da na Kaduna na 1975, da Gidan Makama a Kano, da na Esie wanda ya riga su duka tun 1945. Ana so hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni wannan bayani, su kuma su sanar da talakawa, don kada a sayar ko a ƙone abin da ba a san asalinsa ba tukuna.